Lasisi na nan, hannu ya yi sanyi: yadda wani ɗan Nima ya koma dirar laima bayan shekara 16

Mutumin da wannan nazari ya shafa ƙanen mahaifiyata ne, mai shagon kayan gyaran mota a Abossey Okai, mazaunin Nima a nan Accra. Shekarunsa 53. Kawu nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan. Ni na rubuta masa wasiƙun da aka yi ta aikawa kan batun, ni na raka shi tafiyar, saboda haka abin da zan kawo ko dai na gani da idona, ko na karanta a takardunsa.

Kawu ya yi zaman New York, a Bronx inda 'yan Ghana suka yi yawa, yana tuƙin tasi. A can ya kamu da son dirowa daga jirgin sama da laima. Ya fara da irin dirar da ake ɗaure baƙo a gaban malami su faɗo tare, daga nan ya shiga horo, ya zama duk ƙarshen mako, in ba lokacin sanyi ba, yana filin dira. Sa'ad da ya tattaro ya dawo gida a 2008, kundinsa na nuna dira 340, yana riƙe da lasisin C na ƙungiyar masu dirar laima ta Amurka, USPA. Matakan lasisin huɗu ne: A na buƙatar dira 25, B 50, C 200, D kuma 500. Ka ga ke nan ya wuce ɗan koyo, bai kuma kai sahun manyan gwanaye ba. Ya zo da kayansa cikin akwatin ƙarfe, ya ɗora a saman kabad, ya auri Hajiya, ya buɗe shago, yara suka zo. Akwatin ya shekara 16 a wurin.

Abin da ya tayar masa da tsohon tsumi bikin Ista ne na Kwahu. Tun 2005 ake shawagi da laima a can, ana tashi daga dutsen Odweanoma kusa da Atibie a sauka a Nkawkaw. Wasan daban ne da nasa, domin a nan mutum kan ruga da gudu daga gangaren dutse laimarsa a buɗe tun daga ƙasa, babu faɗowa. Duk da haka, da ya kai yara kallo ya ji kaɗawar yadin nan cikin iska, ranar ko tuwon dare bai ci na kirki ba. Mako na zagayowa ya sauko da akwati, ya kira ni, ya ce in duba masa wuri mafi kusa da ake dira da kuma kuɗin jirgi. A lissafinsa lasisi na hannu, kaya na hannu, saura tikiti. Wannan lissafi shi ne tushen matsalar gaba ɗaya.

Takardu

Lasisin USPA ba ya aiki sai mutum na sabunta rajistarsa ta ɗan ƙungiya, wannan kuwa a zaman dare ɗaya muka gama shi ta intanet. Abin da kuɗi ba sa gyarawa shi ne ƙa'idar daɗewa. Mai lasisin A in ya yi kwana 60 bai dira ba, sai ya koma ƙarƙashin idon malami kafin a sake shi. Mai B kwana 90 ne, masu C da D kwana 180. Wanda ya yi wata bakwai kacal ana masa kallon mai sanyin hannu. Kawu ya ninka wa'adin nan fiye da sau 30.

Afirka ta Kudu muka zaɓa, don tun Nuwamban 2023 mai fasfon Ghana ke shiga ƙasar ba biza har tsawon kwana 90 a shekara, ga kuma jirgi kai tsaye zuwa Johannesburg, tafiyar kusan awa 6. Ƙungiyar da ke kula da wasan a can ana kiranta PASA, kuma a kowane fili babban malami ne ke da ta cewa kan wanda zai hau jirgi. Amsar da babban malamin filin da muka tuntuɓa ya turo tambayoyi ce zalla. Kilo nawa yake yanzu, kilo nawa yake a da? Mene ne girman laimarsa ta ƙarshe? Yaushe aka naɗe ta ko-ta-kwana, wadda ake buɗewa in babbar ta ƙi? Wace shekara aka ƙera na'urarsa mai buɗe laima da kanta? Yana shan maganin hawan jini? Kafaɗarsa ta taɓa gocewa? Yawan dirar da Kawu ke alfahari da ita, sai a layin ƙarshe aka tambaya. Abin ya sosa masa rai, har ya ce in rubuta in tuna wa mutumin cewa shi fa mai C ne. Ban rubuta ba.

Dokoki ma sun motsa a bayansa. Ya bar Amurka ana sake naɗe laimar ko-ta-kwana duk kwana 120, a Disambar shekarar da ya taho aka mayar da shi 180. A zamaninsa mai C na iya jira har ƙafa 2,000 kafin ya buɗe, yanzu ƙa'idar ƙafa 2,500 ce. Tun 2012 kuma ba a ba da lasisin B sai an yi darasi na musamman kan tuƙin laima da saukar da ita, darasin da shi bai taɓa zama a cikinsa ba.

Abin da ke cikin akwati

Ga wanda bai taɓa ganin kayan ba: jaka ce guda da ake goyawa, haɗe da ɗamarar da ke zagaye cinyoyi da kafaɗu da ƙirji. Laima biyu ne a cikinta, babba a ƙasa, ta ko-ta-kwana a sama. A gindin jakar akwai aljihun roba mai ɗauke da wata 'yar mitsitsiyar laima, ita mai dira ke zarowa da hannun dama ya jefa cikin iska ta jawo babbar. A gaba kuma mariƙi biyu ne. Na dama, mai kama da ƙaramin matashin kai, shi ke sakin babbar laima in ta fito a lalace, ta hanyar wasu zobba uku da Bill Booth ya ƙirƙiro a shekarun 1970. Na hagu, wanda yawanci ƙarfe ne, shi ke buɗe ta ko-ta-kwana.

A tsakar gida muka shimfiɗa tabarma muka warware babbar. Warin fumfuna ya fara tarbar mu. Robobin da ke riƙe igiyoyi a jere duk sun mutu, wasu sun narke sun manne, wasu kana taɓawa suna rugurgujewa. Yadin kansa, nailan mai rufin da ke hana iska ratsawa, ya dunƙule ya zama curi guda, sai da muka riƙa ɓamɓare shi fallen bayan falle yana ƙara kamar ana yage leda. Da a sama aka jefa shi haka, Allah kaɗai Ya san daƙiƙa nawa zai ɗauka kafin ya sha iska. Aljihun robar ya saki har hannu na shiga ya fita ba tare da ya taɓa gefe ba, irin wannan kuwa shi ke sa 'yar laimar ta zame da kanta ana tsakiyar faɗowa, ko tun a bakin ƙofar jirgi. Zobban ƙugu sun yi ɗigo-ɗigon tsatsa daidai inda maɗauri ke gogar ƙarfe. Wanda ya san Accra ba zai yi mamaki ba, garin da iskar teku ke cin kwaɗon ƙofa cikin damina biyu.

Ta ko-ta-kwana ba mu taɓa ba. Jan zaren da ɗan hatimin darmar da mai naɗi ya sa suna nan, katin da ke aljihun baya kuma na ɗauke da sa hannunsa na ƙarshe tun 2008. Wannan laima ba mai ita ke naɗe ta ba, aikin mai lasisin naɗi ne kaɗai.

Sai na'urar da ke buɗe laima da kanta in mutum ya suma ko ya shagala. Tasa CYPRES ce, ƙirar kamfanin Airtec na Jamus, wadda ta fara shiga kasuwa a 1991. Tana auna matsin iska, in ta ga an kai wajen ƙafa 750 ana gudun da ya haura mita 35 a daƙiƙa, sai ta datse igiyar da ta rufe ta ko-ta-kwana. Ga mai faɗowa da cikakken gudu, daga wannan tsayi zuwa ƙasa abin da ya rage daƙiƙa 4 ne da ɗan wani abu. Kawu ya danna maɓallinta, lambobi suka nuna, ya kalle ni yana murmushi. Sai dai irin tasa wa'adin shekara 12 da rabi kamfanin ya ba ta, tare da sharaɗin a mayar da ita a duba a shekara ta 4 da ta 8. Duk wadda aka ƙera kafin ƙarshen 2008 ta gama aiki tun 2021 ko kafin nan, ko ta kunnu ko ba ta kunnu ba. Sabuwa kuma ta haura dala 1,000.

Na ɗauki hotunan komai na tura wa mai naɗin filin ta WhatsApp. Ya ce mu taho da kayan in muna so, amma kada mu sa rai. Kawu ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Na ce, "Kawu, in aka kawo maka bel ɗin inji da ya shekara 16 a sito, ko da yana cikin kwalinsa, za ka sa wa motar Hajiya?" Bai amsa ba, ya dai ce in naɗe tabarma.

Kilo 21

Ko da kayan sun fito fes kamar jiya aka saye su, ba za su yi masa ba, kuma nan ne lamarin ya fi nauyi a wurina. Masu dira na da wani lissafi da suke yi kafin a ba mutum laima: a haɗa nauyinsa da na kayan da ke jikinsa a ma'aunin laba, a raba da faɗin laimar a murabba'in ƙafa. Ɗan koyo akan ajiye shi ƙasa da 1. Duk yadda lambar ta hau, haka laima ke ƙara gudu gaba, ta ƙara saurin nitsewa, ta kuma zubar da tsayi mai yawa a duk juyin da aka yi da ita.

A New York Kawu kilo 72 ne. Da kaya kilo 11 ya zama 83, laba 183 ke nan. Laimarsa 150 ce, lissafi ya ba da 1.2, abin da ya dace da mai dira 340 da ke sama kowane mako. Yau kilo 93 yake, albarkar waake da zaman shago. Da kaya ya zama 104, laba 229. A kan wannan laima dai, lissafin ya haura 1.5. Yadin bai canja ba, amma ta zama wata laima dabam da bai taɓa tuƙawa ba, irin wadda sai mai ɗaruruwan dira a jere ake bari ya hau. Ta ko-ta-kwanar ma 143 ce, ta fi babbar ƙanƙanta, ita ce kuma wadda za ta sauke shi a ranar da hankalinsa ya fi tashi, ko ma yana sume ba mai riƙe linzami.

Akwai ƙari. Filayen da ya koya a cikinsu kusa suke da tsayin teku. Yankin Johannesburg kuwa tudu ne, filayen dirarsa na wajen mita 1,500 sama da teku. Iskar can ba ta da kauri, zafin rana kuma na ƙara tsinka ta, don haka laima ɗaya da mutum ɗaya sukan iso ƙasa da gudun da kan ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100 a ranar zafi, birki kuma ba ya kamawa kamar yadda aka saba. Malamin ya yanke cewa laimar haya mai 240 zai fara da ita, in an ga saukarsa a ba shi 230, wadda ke daidai da 1.0. Kawu ya ce wannan ai tantin biki ne.

Likita, Hajiya, da wani tsohon soja

Gwajin asibiti ya nuna jininsa ya ɗan hau. Likita ya ɗora shi kan magani, ya ce a jira ya daidaita, domin bugun zuciya kan yi tashin gwauron zabo a bakin ƙofar jirgi ko ga wanda ya saba. Ya kuma ja kunnensa kada ya hau da mura, irin wadda ƙurar hunturu ke kawo mana, saboda saukowar dubban ƙafa cikin daƙiƙoƙi da toshewar hanci na iya yi wa dodon kunne lahani. Abin da ba wanda ya kawo a ransa shi ne ido. Kawu yanzu sai da tabarau yake karanta rasit, agogon tsayi kuwa a bayan hannu ake ɗaura shi, daidai tazarar da ta fara yi masa dishi-dishi. Aka nemo masa mai manyan lambobi, aka ƙara da ɗan ƙaramin da ake sa wa cikin hular kwano yana ƙara a kunne.

Katin inshorar lafiya na NHIS iyakarsa Ghana, inshorar tafiya ta yau da kullum kuma yawanci takan cire dirar laima ƙarara. Sai da muka nemi wadda ta ambaci wasan da sunansa a rubuce.

Hajiya ba ta yi hayaniya ba. Cewa ta yi, "Alhaji, lokacin da kake wannan abu kai kaɗai ne. Yanzu mu shida ne." Ta kai maganar wajen malamin da suke ɗaukar karatu, tana kafa hujja da aya ta 195 cikin Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Malam bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya tambayi Kawu abin da ya fi rinjaye a harkar, tsira ko halaka. Kawu ya kawo alƙaluman USPA na 2023: mutum 10 suka rasu a Amurka cikin dira kusan miliyan 3.65. Malam ya ce in haka ne, kuma an bi ƙa'idar masana abin, shi bai ga haramci ba, amma haƙƙin iyali na nan a wuyansa. Ni dai a raina na san alƙaluman nan na mutanen da ke dira a kai a kai ne, da kayan da ake dubawa. Ba su ce komai a kan mai shekara 16 a ƙasa ba. Kuma cikin waɗanda ke mutuwa a wannan zamani, kaso mai tsoka ƙwararru ne da laimarsu ta buɗe lafiya lau, a wajen sauka abin ya same su.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon sojan laima da ya yi aiki a Tamale. Irin dirarsu daban ce, laima mai zagaye, igiyar da ke ɗaure da jirgi ce ke buɗe ta, daga tsayin da bai fi ƙafa dubu da 'yan kai ba. Da ya ji labari ya sa aka kira Kawu, ya ce masa, "Ɗana, ni ban san irin taku ba. Amma haɗe ƙafa da gwiwa, ka faɗi ta gefe ka mirgina. Hau bencin nan in gani." Kawu, da furfurarsa, ya yi ta dirowa daga benci a kan yashi yara na dariya. Don kunyar dattijon ya yi, ba don ya yarda yana bukata ba.

A fili

Mai naɗi bai ɓata lokaci ba. Ya duba tsatsar, ya karanta shekarar da ke jikin ta ko-ta-kwana, wadda ta haura 20 don ta hannu Kawu ya saye ta, ya ce shi ba zai sa hannunsa a kanta ba. Maganar kaya ta mutu a nan.

Ranar farko ba a bar shi ya kusanci jirgi ba. Aji aka sa shi tare da wasu samari biyu sabbin shiga. Bayan azahar aka rataye shi cikin ɗamara a jikin ƙarfen rumfa, malami na jijjiga shi yana juya shi, yana ɗaga masa hoton laima a lalace. Tsarin kowa ya san shi: duba na dama ka kama, ja shi har ƙarshe babbar ta tafi, sannan na hagu. A zagayen farko hannuwan Kawu suka tafi da kansu ba tare da ya duba ba, suka cafki riga, domin mariƙan ba sa inda jikinsa na da ya san su. A na biyu ya same su, amma hagu ya riga dama. A sama, wannan na nufin sakin ta ko-ta-kwana cikin lalatacciyar da ba ta tafi ba, su sarƙe da juna. Malamin bai ɗaga murya ba, ya ce a sake. Aka yi ta sakewa har rigarsa ta jiƙe sharkaf. A mota da yamma bai ce mini uffan ba sai da muka kusa masauki, sannan ya ce, "Da na rantse da Allah na iya wannan ko cikin barci."

Washegari suka hau, shi da malami a gefensa, daga ƙafa 11,000. Ƙafa dubun farko kan ci daƙiƙa 10, daga nan kowace dubu daƙiƙa 5 da rabi, ana gudun kusan kilomita 200 a awa. An ce ya buɗe a 5,000, abin da ya ba shi ƙasa da daƙiƙa 40. A bidiyon da malamin ya ɗauka, ya ɗan yi wutsil-wutsil da ƙafa a farko, sai jikin ya tuna, ya banƙare, ya kwanta a kan iska sumul. Juyi dama, juyi hagu, kamar bai taɓa bari ba. Ya sauko ana ba shi umarni ta rediyo, da 'yar iska mai daɗi a fuskarsa, ya tsaya cak da ƙafafunsa. Ihun da ya yi har masu naɗi a rumfa sai da suka ɗago.

Malamin ya bar shi ya gama murna, sannan ya mayar da bidiyon baya ya ce ya ƙirga sau nawa ya dubi agogo. Sau biyu. Ƙarar da ke kunne ce ta tuna masa lokaci ya yi. A dirar da ta biyo baya an gyara wannan, aka ba shi 230, aka cire rediyo. Nan take ya fara maganar 190. Aka ce a'a.

Abin ya faru ne da tsakar rana ta uku, zafi ya tsananta, tutar iska ta lanƙwashe a jikin sandarta ko motsi ba ta yi. Ina tsaye a gefen fili. Ya shigo da tsari daidai, ya bi iska a ƙafa 1,000, ya karya a 600, ya miƙe a 300. Amma da ƙasa ta matso, ta zo masa da gudun da idonsa bai sani ba, ga tudu, ga zafi, ga ba iskar da za ta tare shi. Ya ja linzaman biyu tun yana sama da tsayin rufin gida. Laimar ta tsaya, ta rataye shi a wurin. Wanda ya yi birki da wuri, abin da ake koya masa shi ne ya riƙe inda yake, ya ƙarasa ja in ƙasa ta zo. Kawu ya gane ya yi wuri, sai ya saki hannu sama don ya gyara. Laima in aka sake ta haka sai ta zabura gaba ta dulmiyo da kai, kuma babu sauran tsayin da za ta farfaɗo. Ya sake ja, amma ƙasa ta riga ta iso.

Abin da na gani a daƙiƙar ƙarshe shi ne ƙafafunsa sun haɗe. Ya bugi ƙasa, ya faɗi ta gefe, ya mirgina cikin ƙura, laimar ta rufto masa. Kafin mu iso ya zauna yana salati. Targaɗe ne a idon sawun hagu, da ƙujewa a ƙugu, hoto ya nuna ba karaya. Malamin ya tsuguna kusa da shi ya ce, wannan kuskure a kan 150 da nauyinsa na yau, ba a mota za a ɗauke shi daga filin ba. Maganar 190 ba ta sake tasowa ba.

Da ƙafar ta lafa, likita ya yarda, sauran dirar da ya yi duk na tuƙin laima ne. Yakan fita a ƙasa-ƙasa ya buɗe da wuri, ya yi ta gwada birki a can sama inda kuskure ba ya cin komai, yana neman inda laimar ke tsayawa da inda take ƙin ɗauka. Ana ɗaukar kowace sauka a bidiyo a zauna a kalla. Kafin mu taho an sa masa hannu ya dira shi kaɗai, a kan 230.

Abin da ya rage

A ganina babban malamin ya yi daidai da ya ɗauke shi tamkar sabon shiga a ƙasa, ko da yake a iska ya nuna ba sabo ba ne. Ɗan koyo na tsoron komai, don haka yana duba komai. Mai dawowa kuwa, ɓangaren da ya fi burgewa, wato kwanciya a kan iska, shi ke fara dawo masa, sai ya ɗauka saura ma sun dawo. Jerin mariƙai, duban agogo, da auna ƙasa da ido a ƙafa 30 na ƙarshe ba su dawo tare da shi ba, kuma bai san sun tafi ba sai da aka gwada. Inda nake da ja shi ne cire rediyo a ranar da iska ta ɗauke. Sauka biyu masu kyau cikin iska mai taimako ba su isa shaida ba ga mutumin da bai taɓa sauka a tudu ba.

Matsalar da ba ta warware ba ita ce ta kwana 180. Mai zama a Nima, mai shago da kuɗin makarantar yara, in ya yi ƙoƙari ya je sau ɗaya ko biyu a shekara. Kusan duk zuwan da zai yi, a matsayin mai dawowa zai isa. Saboda haka ya fasa sayen sabbin kaya, waɗanda dubban daloli ne, ga kuma jigilar kai ta ko-ta-kwana wajen mai naɗi duk wata shida ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Haya zai riƙa yi, a kan 230, ba kyamara a ka, ba shiga cikin taron masu faɗowa tare. Hajiya ta gindaya nata sharaɗin: takardar inshora a hannunta kafin ya tashi, da wasiyya a rubuce gaban shaidu, kuma ya yi duka biyun. Tafiya ta gaba ya sa ta bayan Babbar Sallah. Wa'adin zai riga ya wuce kafin nan, don haka ya sa na rubuta wa malamin ya ware masa ranar farko a rumfa, cikin ɗamarar rataye.